Taliyar Girka ba nama, da maganar abin da ake sha da ita

Wannan lacca ce da wata malamar girki ta yi wa ɗaliban aikin otal, an rubuto ta daga faifan da aka naɗa, an kuma gyara wuraren da maimaici ya yi yawa.

Assalamu alaikum. 'Yan baya, kuna ji na? To madalla.

Yau za mu je ƙasar Girka. Na san wasu za su yi dariya, wai girki a Girka, to ku yi dariyarku ku gama. Abincin da za mu duba sunansa manestra, taliya ce a cikin tumatir da man zaitun, babu nama, babu kifi, babu ko romon kaza. Kafin in gaya muku yadda ake yin ta, sai na gaya muku dalilin da ya sa mutanen nan suka iya girki ba nama, don a nan darasin yake.

Mafi yawan Girkawa mabiya cocin Otodoks ne, kuma azumi ya yi yawa a kalandarsu. Azuminsu ba irin namu ba ne na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Suna ci, amma suna barin nama da ƙwai da madara da duk abin da aka yi da ita, da kifi a mafi yawan kwanakin. Akwai Laraba da Juma'a kusan kowane mako, akwai babban azumi na makonni bakwai kafin Ista, akwai kwana 40 kafin Kirsimeti da ake farawa ranar 15 ga Nuwamba, sai kuma mako biyu na farkon Agusta. In ka haɗa duka, mai kiyayewa sosai yana yin kusan rabin shekara ba nama. Uwargidan da aka ce mata rabin shekara ba nama, kuma ga yara ga maigida, ai dole ta nemo dabara. Dabarar da suka samo ita ce man zaitun. Suna da rukunin abinci guda da suke kira ladera, daga kalmar ladi, wato mai: kayan lambu da ake dafawa a hankali cikin mai da tumatir har ruwan ya tsotse, man ya taso. Ko a nan ma akwai ranaku masu tsanani da ake barin man da giyar inabi gaba ɗaya. Ku riƙe wannan, mai da giya tare suke tafiya a dokar azuminsu, a Asabar da Lahadi na babban azumi ake halatta su tare.

Taliyar da ake amfani da ita ƙanana ce, in ka gan ta a faranti sai ka rantse shinkafa ce. Girkawa suna ce mata kritharaki, ma'ana ɗan sha'ir, Italiyawa kuma orzo, shi ma sha'ir ke nan. Kamannin ne kawai, da garin alkama mai tauri ake yin ta. A kwalin da za ku gani a manyan kantuna galibi orzo ne a rubuce.

Ga yadda nake yi wa mutum huɗu. Taliya giram 350. Man zaitun kamar cokali shida na cin abinci, kuma don Allah kada a rage. Na ga wata ta zaro ido. Eh, shida. Man nan shi ne naman abincin, in ka rage shi ka dafa taliya da ruwan tumatir ne kawai. Albasa babba ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, tumatir nunanne rabin kilo, tumatirin gwangwani cokali ɗaya, kirfa sanda ɗaya, gishiri, masoro, da busasshen ganyen da suke kira rigani, wanda a kanti za ku gan shi da sunan oregano.

A yanka albasa ƙanana, a zuba a mai bisa wuta kaɗan, a bar ta ta yi laushi kamar minti takwas ba tare da ta yi ja ba. A sa tafarnuwa, a sa tumatirin gwangwani a juya shi cikin man har launinsa ya yi duhu. Shi kuwa ɗanyen tumatir ba a markaɗa shi a inji. Raba shi biyu ake yi a goga a magogi, bawon ya rage a hannunka ka yar. Markaɗe yana shigar da iska, miyar ta yi kumfa ta koɗe. A zuba gogaggen tumatir da kirfa, a bar su minti goma. Kirfa a miyar tumatir baƙon abu ne ga harshenmu, mun fi sanin ta a shayi, amma ita ce ke bambanta miyar Girkawa da ta Italiya tun daga ƙamshi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa jarrabawa. Ba a tafasa taliyar daban a tace. Cikin miyar ake zuba ta ɗanya, a ƙara ruwan zafi kamar lita ɗaya, a tsaya a kanta da ludayi. Tana son kama gindin tukunya fiye da shinkafa, minti biyu ka juya baya ta ƙone. Minti 12 zuwa 15 sun isa. Sitacin da ke fita daga jikinta shi ke haɗuwa da man ya yi kauri mai santsi. A sauke tun da sauran ruwa-ruwa, a rufe minti biyar, don tana ci gaba da shan ruwa bayan an sauke. Ni kaina ranar da na fara yi na jira ta tsane a kan wuta, da na zo zubawa sai ga tuwo. A murza rigani a tafin hannu a barbaɗa, a ɗiga ɗanyen mai a kai.

In ranar azumi ce, nan aka tsaya, sai dai a ajiye zaitun na garin Kalamata a gefe. In ba azumi ba, a marmasa cukun feta a kai. Feta cuku ne fari mai gishiri da tsami, ana yin sa da nonon tumaki, ana iya haɗawa da na awaki amma kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari, kuma sai ya yi aƙalla wata biyu yana nuna, a cikin ruwan gishiri. Tun 2002 Tarayyar Turai ta keɓe sunan ga wanda aka yi a wasu yankunan Girka, Denmak da Jamus suka kai ƙara, kotun Turai ta kori ƙarar a 2005. Don haka in kun ga farin cuku na nonon saniya a kwali, kada ku rubuta feta a takardar abinci. Baƙon da ya sani zai kama ku.

To, maganar giya. Ni ba na sha, yawancinku ba kwa sha, kuma ba na kiran kowa ya ɗanɗana. Abin da na sani daga karatu ne da kuma bakin waɗanda sana'arsu ke nan. Amma wasunku za su yi aiki a inda baƙo zai tambaya, kuma hikimar da ke ciki ta shafi duk abin sha.

Abincin nan abu uku ke mulkinsa: tsamin tumatir, maiƙon zaitun, gishirin feta. Ƙa'idar ita ce abin sha ya kai abincin tsami ko ya fi shi. In bai kai ba, bayan loma ɗaya sai a ji shi salam, kamar ruwan da ya kwana. Shi ya sa masana ke fara ambaton Assyrtiko, farar giya ta tsibirin Santorini, wadda aka sani da kaifin tsami. Ƙasar tsibirin tokar aman wuta ce, ruwan sama kaɗan, iska kuma mai ƙarfi, har manoma suna naɗe kurangar inabin a ƙasa kamar kwando, 'ya'yan suna ciki a ɓoye. Tsaminta yana wanke maiƙo daga baki, kuma yana jure gishirin cuku.

Ga mai son ja, akwai Agiorgitiko ta yankin Nemea, mai taushi, wadda ake cewa tana tafiya da kirfa. Akwai kuma Xinomavro ta Naoussa a arewa, sunanta ma yana nufin baƙa mai tsami, har masu ɗanɗano suna cewa tana ƙamshin busasshen tumatir da zaitun. Sai dai tana da bauri. Kun san yadda goro ke ɗaure harshe, ko shayin da aka manta ganyensa a ciki? Wannan baurin daga bawon inabi da 'ya'yan cikinsa yake. Nama mai kitse yana kwantar da shi, taliya ba nama kuwa ba ta da abin kwantar da shi sosai, sai baurin ya hau kan abincin. A ganina ga manestra ba ita ce ta farko ba. A ƙananan gidajen abinci na can kuwa, da yawa retsina za a kawo a tulu, farar giya da aka sa wa ƙaron itacen fayin, wato pine, al'adar da ake dangantawa da zamanin da ake liƙe bakin tulunan giya da ƙaro.

Na'am, ɗana, tambaya? Ɗaga murya. Ya ce in baƙo ba ya sha fa, kamar mu?

Ai ka riga ka sami amsar. Nemi tsami, guji zaƙi. Lemon kwalba mai sukari zai kashe abincin nan, tumatirin ya koma kamar ya lalace. Ka ba shi ruwan soda mai sanyi da lemon tsami, shi ne mafi kusa da aikin da Assyrtiko ke yi. Ko zoɓo, amma ba irin na biki da ake cika wa sukari da abarba ba, a jiƙa shi tsantsarsa da sukari kaɗan. Yana da tsami, yana da ɗan bauri, kusan matsayin jar giya mai taushi yake tsayawa. Na gwada da tsamiya ma, sai na ji ta yi wa kirfar nauyi, amma wannan harshena ne, ku gwada da naku.

Lokaci ya tafi. Rukuni na ɗaya su ɗauki magogi su fara da tumatir, na biyu su zo nan in nuna musu yadda ake gane albasa ta yi laushi ba ta soyu ba. Wanda ya bar tukunyarsa ta kama, shi zai kankare ta.