An ce hauhawar farashi ta sauka, amma a Katako ba su ji sanarwar ba

[Hoto: Kasuwar Katako, Jos, da hantsi. Buhunan masara, 'yan dako, masu amalanke.]

Wannan bidiyon gwaggona ce ta jawo shi. Ranar da aka ce hauhawar farashi ta sauka, sai ga saƙon murya a WhatsApp, minti huɗu cur. Bari in gutsuro muku: "Kai ɗan nan, ku da kuke bin labarai, a wace kasuwa ce kayan suka sauka? Faɗa min in aiki yaro, don a Katako dai ba su ji sanarwar ba."

Ba ita kaɗai ba ce. Duk tsakiyar wata, da zarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta saki alƙalumanta, sai Facebook ta rabu gida biyu. Waɗannan na cewa gwamnati ta yi rawar gani, waɗancan na cewa ƙarya ce tsagwaronta. A yi ta kai ruwa rana, har da gorin jam'iyya. Alhali kalma ɗaya ce ta ruɗa kowa. Ita za mu warware yau.

[Hoto: Dandalin Eagle Square, layin motoci a gidan mai, 'yan canji suna ƙirga kuɗi. A yanka da sauri.]

Yadda aka zo nan kowa ya sani, don haka a gurguje. 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta tsallake 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Kuɗin mota ya tashi, taki ya tashi, komai ya bi sahu. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100.

Sai ga rahoton Janairun 2025: kashi 24.48. Faɗuwar sama da maki 10 cikin wata guda. A nan Gwaggo ta ɗauki waya.

[Hoto: Hawan Kibo daga sama. Tirela na ja da ƙyar, hayaƙi baƙi ƙirin.]

To, ku gyara zama.

Duk wanda ya taɓa tasowa daga Abuja ta Akwanga zai shigo Jos ya san Hawan Kibo. Ka ga tirelar nan? A ƙasan hawan gangaren ya miƙe, inji na kuka, yaron mota na bin ta da katako ko da za ta zame. Can sama hawan ya ɗan kwanta, kukan inji ya lafa, direba ya sauke ajiyar zuciya. Tambaya: motar ta fara saukowa ne? A'a. Hawa take yi har yanzu, ƙarfin hawan ne ya ragu. Kuma duk tudun da ta riga ta hau yana nan a ƙarƙashinta.

Farashi shi ne inda motar take a kan dutse. Hauhawar farashi kuwa ita ce tsinin hawan, wato saurin da take ƙara tsawo. Lambar da NBS ke bayarwa ba ta auna inda motar take. Abin da take cewa kawai: in ka gwada kayan yau da na irin wannan watan a bara, da kashi nawa suka ƙaru?

[Allo: lissafi yana fitowa layi-layi.]

Mu ɗauki misali, ba farashin wani kaya na gaske ba ne, lissafi ne kawai. Abu yana naira 1,000. Shekarar farko hauhawa kashi 35, ya koma 1,350. Shekara ta biyu aka ce hauhawa ta sauka zuwa kashi 24. Tafi raf-raf. Amma kashi 24 ɗin a kan 1,350 za a ɗora, sai ya zama 1,674. Shekara ta uku ta ƙara sauka, kashi 15. Kayan ya koma 1,925.

Ku kalli allon da kyau. Lambar hagu tana sauka: 35, 24, 15. Ta dama tana hawa: 1,350, 1,674, 1,925. Duka biyun gaskiya ne, a lokaci guda. Mai magana da yawun gwamnati yana nuna hagu, Gwaggo tana riƙe da dama, kowa na rantsuwa da Allah, kuma babu wanda ya yi kaffara.

Kai, ko da hauhawar ta koma sifili, kayan nan 1,925 zai tsaya. Ba zai koma 1,000 ba. Kafin ya koma, sai lambar ta faɗa ƙasa da sifili ta daɗe a can, abin da ba kasafai yake faruwa ga kaya gaba ɗaya ba. Ko a ƙasashen da ya faru, yawanci tare da rufe masana'antu da korar ma'aikata yake zuwa.

In ba ku tafi da komai daga bidiyon nan ba, ku tafi da tirelar.

[Hoto: hannun mai awo yana cika mudu, ya shafe, ya ƙara tozo.]

Saura waccan faɗuwar ta maki 10 a wata ɗaya. Ita labarinta daban ne: mudu aka canza.

NBS tana da wani kwando na kayan da iyali ke saya, ita ke bin farashinsu wata-wata. Kwandon da ake aiki da shi a da tun 2009 aka haɗa shi, lokacin da yawancinmu ba mu san sayen data ba, balle kuɗin POS. A farkon 2025 aka sabunta shi, aka mai da 2024 shekarar da ake gwada farashi da ita, kayan ciki suka ƙaru daga 740 zuwa 934. Abinci, wanda a da ya fi rabin nauyin kwandon, ya dawo wajen kashi 40.

Sabunta kwando ba maguɗi ba ne, kowace ƙasa na yi, mu ma jinkiri muka yi. Amma duk matar da ta taɓa awo ta san ba a gwada mudun wannan kasuwa da na waccan a ce hatsi ya yi araha. 34.80 da tsohon mudu aka auna, 24.48 da sabo. Wanda ya jera su a kanun labari ya ce an samu sauƙi cikin kwana 30, ko bai karanta rahoton ba, ko ya karanta ya kau da kai. Ni kuma abin da ke ɗan sosa min rai shi ne rage nauyin abinci. Akwai gidaje a Anguwar Rogo da Gangare da kusan duk abin da maigida ya samo a tukunya yake ƙarewa. Kwandonsu ba irin na ma'aikacin banki a Rayfield ba ne.

[Hoto: teburin mai jarida kusa da Terminus, mutane a tsaye suna karatun kyauta.]

Mu ma masu rubutu da Hausa muna da namu laifin. Kalma ɗaya ce a Turanci, inflation, amma yau mu ce hauhawar farashi, gobe tsadar kayayyaki, jibi tashin farashi, kamar duk ɗaya ne. Sai ka ga an rubuta "tsadar kaya ta ragu". Wannan kanun kuskure ne, ko da lambar da ke ƙarƙashinsa daidai take. Na taɓa rubuta irinsa da hannuna, Allah ya yafe.

Ba mu kaɗai ba kuma. A Amurka hauhawa ta kai kashi 9.1 a Yunin 2022, ta sauko wajen kashi 3 bayan shekara guda. Manyan kafafen labarai na ta cewa an shawo kanta, masu ra'ayin riƙau na cewa ku je kanti ku ga kuɗin ƙwai. Tsadar rayuwa na cikin manyan abubuwan da aka yi kamfe a kansu kafin Donald Trump ya ci zaɓen Nuwamban 2024. Hawan Kibonsu ke nan.

[Hoto: ginin Babban Banki a Abuja, injin ƙirga kuɗi, tsofaffin hotunan Thatcher da Reagan.]

Tun da mun ambace su, me masu ra'ayin riƙau, ko mazan jiya, ke cewa kan wannan al'amari? A fagen tattalin arziki maganarsu ba ta da yawa: gwamnati ta kashe daidai abin da ta samu, ta daina buga kuɗi, ta cire hannu daga ƙayyade farashi. Malaminsu shi ne Milton Friedman, masanin tattalin arziki ɗan Amurka, wanda ya dage cewa hauhawa mai ɗorewa daga yawan kuɗi take fitowa: kuɗi sun yi yawa, kaya ba su ƙaru ba. Da wannan karatun Margaret Thatcher ta hau mulki a Birtaniya a 1979, Ronald Reagan kuma a Amurka a 1981.

In ka kawo musu zancen Najeriya, yatsa ɗaya suke nunawa. Dokar Babban Banki ta 2007 ta ce bashin gaggawa da bankin zai ba gwamnatin tarayya kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na bara. Amma kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta sauka, wannan bashi ya taru har naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mai da shi bashin shekara 40 a Mayun 2023. A ganinsu wannan buga kuɗi ne da wani suna, kuma tun kafin a taɓa tallafin mai aka riga aka jiƙa mana aiki. Shi ya sa suka yi na'am da gwamnan Babban Banki, Olayemi Cardoso, da ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 zuwa 27.50 a cikin 2024, ko da masu masana'antu na ihu.

In ka ce to a ƙara albashi mana, sai su tuna maka da ƙarin albashin Udoji. 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, ɗan jiharmu. Ma'aikata suka sha ariyas, aka sayi rediyo da babur, wasu suka ƙara aure, 'yan kasuwa kuma suka ƙara kuɗin komai. In ka ce gwamnati ta tilasta a sauke farashi, su ce ka tambayi babanka 1984: sojoji na fasa rumbunan 'yan kasuwa, ana sayar da kaya a farashin gwamnati, mutane na bin layin madara da sabulu, kaya kuma suka ɓuya a bayan kanta.

[Hoto: Farin Gada da asuba. Ana sauke buhunan dankalin turawa, kabeji, kwandunan tumatir.]

Ra'ayina? Kan buga kuɗi ina bayansu ɗari bisa ɗari. Kan ƙayyade farashi da bulala ma haka. Amma karatun nasu bai kai Farin Gada ba. Dankalin nan daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa. Ranar da rikici ya hana manomi zuwa gona, ko cutar dankali ta cinye shuka da damina, ko direba ya biya kuɗi a shinge goma kafin ya iso, buhu zai tashi, kuma babu kuɗin ruwan da Babban Banki zai ɗaga ya sauko da shi. Ba kuɗi ne suka yi yawa ba a nan, dankalin ne babu.

Sannan in za a ce talaka ya ɗaure ciki, a fara daga sama. Ba a yi wa mai keke Napep wa'azin tsimi ana raba wa 'yan majalisa sababbin motoci. Mai ra'ayin riƙau na gaske, wannan ya kamata ya fi ƙona masa rai.

Wani zai ce, ai masara da shinkafa sun sauka da gaske a 2025. Haka ne, a kasuwanni da dama sun sauka. An samu kaka, kuma tun Yulin 2024 gwamnati ta buɗe ƙofar kwana 150 ta shigo da wasu kayan abinci babu haraji. Wannan saukar farashi ce ta haƙiƙa, amma ta wasu kaya ce, ba ta kwandon duka ba. Kuɗin haya bai bi ta ba, kuɗin makaranta bai bi ba, magani bai bi ba. Kuma je ka tambayi manomin da ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha ko yana murna.

[Allo: 30,000 da 70,000.]

Ga lissafi na ƙarshe. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024. A 2019, waccan 30,000 ta fi dala 80 a wurin 'yan canji. Sabuwar 70,000 ranar da aka sa mata hannu ba ta kai dala 50 ba. Tun da motar ba za ta dawo ƙasan dutse ba, sauƙin da ake jira shi ne abin da ke shiga aljihu ya riƙa hawa fiye da abin da ke fita. Wannan lambar kuwa ba kasafai take samun kanun labari ba.

In rahoton wata mai zuwa ya fito, ku wuce kanun, ku nemi abu biyu a ciki: lambar wata zuwa wata, wato ƙarin da kaya suka yi a kan watan da ya gabata, da lambar abinci ta jihar Filato, don NBS na bayar da ta kowace jiha.

[Hoto: tsakar gida, Gwaggo na tsince shinkafa a faifai, waya a gefenta.]

Na yi wa Gwaggo duk wannan bayanin, har da tirelar. Ta saurara tsaf, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce: "Na gane. Wato ɓarawon bai bar gidan ba, ya dai rage yawan abin da yake ɗauka." Na ce kusan haka ne, Gwaggo. Ta ce to in zan zo ranar Juma'a in biya ta Katako in taho da mudu uku, tun da ni na fahimci lissafin.