Makrame: me ya sa aikinku yake fitowa a karkace?

[Hoto: adon bango na igiya a rataye, layukan ƙullinsa sun gangara gefe ɗaya]

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Ku tsaya ku kalli wannan aikin makrame, wato adon da ake yi da ƙullin igiya, da kyau. Igiyar mai kyau ce, ƙullin ma ya ɗauru, amma ku dubi layi na uku zuwa na shida. Duk sun kwanta hagu kamar masu gyangyaɗi. Irin wannan hoton ne ya cika mana akwatin saƙo tun bayan bidiyonmu na baya, kuma tambayar kusan ɗaya ce: me ya sa nawa yake karkacewa? Wasu sun ɗora wa igiya laifi. Wata baiwar Allah kuwa cewa ta yi hannunta ne ba shi da sa'a, har ta tattara kayan ta tura ƙarƙashin gado. 'Yar uwa, ki durƙusa ki ciro su. Ba nan gizo yake saƙa ba.

Yau wurin aikin za mu shirya tun daga farko. Zan bi ta kan kayan aiki da gudu, domin ido ya ishe ku, sai mu zauna a kan abu guda: inda za ku rataye sandar da ake ɗaura igiyoyin a jikinta.

[Kayan aiki a jere a kan tebur]

Ga igiyar auduga. Mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ita ce ta fi wa mai koyo sauƙi. Ga almakashi, kuma ya zama mai kaifi, don dakusasshe tauna igiya yake yi. Tef ɗin awo. Salatef na naɗe bakin igiya kada ta warware. Mataji na tsefe geza a ƙarshe. Sanda miƙaƙƙiya, da ƙugiyoyi masu lanƙwasa biyu, waɗannan da kuke gani. Shi ke nan. Babu allura, babu masaƙa, babu inji. Makrame ƙulli ne zalla, da yatsu ake yinsa.

Wurin kuma ba sai an ware ɗaki guda ba. Kusurwa ta isa, in dai za ku iya buɗe hannuwanku biyu ba ku bugi komai ba, kuma za ku iya ja da baya taku uku ku hango aikin. Ku riƙe zancen taku ukun nan, za mu dawo kansa.

[Ƙusa ɗaya a bango, sanda tana lilo a jikin zare]

To, ga mai laifin. Yawancinmu haka muka fara: ƙusa ɗaya a bango, a ɗaura zare a bakin sanda biyu, a rataya. Haka ake rataye aikin da aka gama, shi ya sa kowa yake ɗauka haka ake rataye wanda ake kan yi. Ni ma sai da na ɓata mako guda a kan wani adon bango kafin na gane. Na kwance shi sau biyu, ina ta ƙorafi a kan igiyar da ba ta ci ba ta sha ba.

Ku dubi abin da ke faruwa idan na ja ƙulli. Sandar da ke kan ƙusa ɗaya sikeli ce. Na ja dama, ta sunkuya dama. Na saki, ba ta koma daidai inda take ba, saboda zaren ya ɗan zame a kan ƙusar. Su kuwa igiyoyin, babu ruwansu da sanda, nauyinsu yana jansu ƙasa a miƙe. Idonku kuma da ƙasa da bango yake auna daidaito. Sai ku yi ta jera ƙulli a layin da idonku ya ce ya miƙe, alhali sandar a karkace take. Ranar da kuka gama, kuka daidaita sandar don a rataye a falo, sai duk layukan su kwanta gefe guda. Aikin bai lalace a ranar ba, tun layin farko ya tafi a haka.

Akwai kuma zancen hannu. Kowa yana da hannun da ya fi ƙarfi, kuma da shi yake ƙara matse ƙulli ba tare da ya sani ba. A kan sandar da ke lilo, wannan ɗan bambancin taruwa yake yi, layi bayan layi.

[Ƙugiya biyu, sanda a kwance a kansu]

Maganin ga shi: maƙala biyu. Ƙugiya a dama, ƙugiya a hagu, sanda ta kwanta a kansu. Yanzu ku ga na ja. Ko motsi. In kuna da ƙarfen rataye tufafi irin mai ƙafafu, wanda ake ɗagawa a sauke, kun huta, a ganina babu abin da ya kai shi. In mai tayoyi ne, ku kulle tayoyin ko ku tokare su, in ba haka ba ku da shi za ku yi ta zagaya ɗaki. In babu shi, ƙusa biyu masu ƙarfi a bango sun wadatar. Wasu suna maƙalawa a saman ƙofa. Yana yi, har zuwa lokacin da wani zai turo ƙofar da tire a hannu. Sandar labule kuwa ban ba ku shawara ba, ba don a riƙa janta aka kafa ta ba.

Kafin ku ɗaura igiya ko ɗaya, ku auna. Daga ƙasa zuwa bakin sanda na dama, sannan daga ƙasa zuwa na hagu. Lamba ɗaya za ta fito. In kuna da abin nan na magina mai ɗan kumfa a tsakiya, ku ɗora shi a kan sandar, ya fi tef gaskiya, domin ba kowane daɓe ne yake a miƙe ba. Wayoyi da yawa ma suna da manhajar da ke wannan aikin. Kada ku ce ai santimita ɗaya ce kawai. Santimita ɗayar nan ita ce za ta tsone muku ido kullum kuka shigo ɗakin.

Sannan ku bar tazara tsakanin aikin da bango, kamar faɗin tafin hannu ko fiye. Ku kalli yatsuna. Rabin aikin ƙulli ta bayan igiya ake yinsa. In aikin ya manne da bango, dole ku riƙa janyo shi gaba duk lokacin da za ku zura hannu, kuma kowane janyowa yana canza matsewar ƙullin.

[Mai aiki a tsaye, hannuwa a daidai ƙirji]

Yanzu tsayi, kuma nan ne nake so ku ba ni hankalinku, don ko waɗanda suka gyara zancen ƙugiya suna faɗawa wannan ramin. Mutane suna tambaya, a wane tsayi zan rataye sandar? Tambayar da ta fi dacewa ita ce, a wane tsayi ƙullin da nake ɗaurawa yanzu yake? Sanda tana wuri ɗaya, amma aikin sauka yake yi. Kun fara hannu a sama kamar mai shanya, bayan awa ɗaya kuna daidai ƙirji, bayan awa uku kun duƙa kamar mai neman allura a ƙasa.

Ku duba ƙullin nan mai igiya huɗu, wanda shi ne uwar makrame. Biyu na tsakiya a tsaye suke, biyu na gefe su ne masu zagayawa. Don ya zauna daidai, sai an riƙe na tsakiya a miƙe, a ja na gefe da ƙarfi iri ɗaya. Idan hannunku yana sama da kai, kafaɗa ta gaji, ƙullin sako-sako zai fito. Idan kun duƙa, nauyin jikinku ne zai shiga cikin jan, sai ya matse fiye da kima. Ga sakamakon a wannan hoton: sama da faɗi, ƙasa ta tsuke, gefen aikin ya yi ciki kamar ƙugu. Mutum ɗaya, igiya ɗaya, amma kamar mutum biyu ne suka yi shi.

Abin da nake yi shi ne, layin da nake kai ya tsaya tsakanin ƙirji da cibiya, gwiwar hannu a kusa da jiki, kafaɗa a sake. Da na ji na fara sunkuyar da wuya, sai in ɗaga ƙarfen. In ƙusa kuke amfani da ita, ku haɗa ƙugiyoyi uku ko huɗu a kowane gefe kamar sarƙa, ku fara da ta ƙasa, aiki yana sauka kuna mayar da sandar ta sama. Ko kuma ku bar sandar inda take, ku ne za ku sauka: a fara a tsaye, a koma kujera, a ƙare a kan 'yar ƙaramar kujera. Duk lokacin da kuka motsa sandar, ku sake aunawa. Na san da gajiya. Ku auna dai.

Taku ukun nan da na ce ku riƙe: bayan kowane layi uku ko huɗu, ku ja baya ku duba. Wanda hancinsa ke jikin igiya ba ya ganin karkata. Ku ɗauki hoto da waya ma, kyamara ba ta jin kunyar kowa. Kwance layi uku abin minti kaɗan ne. Kwance layi talatin kuwa, nan ne ake tura kaya ƙarƙashin gado.

Wani abu a gefe, tunda mutum biyu sun turo shi. In ƙullinku yana murɗewa kamar igiyar da aka tufka, wannan ba laifin sanda ba ne. Kuna farawa ne daga gefe ɗaya kullum. Hagu, dama, hagu, dama shi ke ba da shimfiɗaɗɗen ƙulli. Hagu, hagu, hagu kuwa murɗaɗɗe yake bayarwa, kuma shi ma ado ne mai zaman kansa, da gangan ake yinsa a maratayin tukunyar fure.

[Hannuwa suna ci gaba da ƙulli, a hankali]

Mai ɗaukar hotonmu ya ce in yi ta magana har in kai ƙarshen layin nan, to bari in ba ku labari. Ana danganta kalmar makrame da kalmar Larabci miƙrama, wato mayafi mai ado ko geza. Masaƙan Larabawa na ƙarni na 13 sukan ƙulla ragowar zaren da ke bakin abin da suka saƙa, ya zama ado maimakon a bar shi yana warwarewa. Daga nan sana'ar ta shiga Sifaniya, ta wuce Italiya, ta bazu a Turai. Ma'aikatan jiragen ruwa ma sun riƙe ta sosai, su da dama ƙulli ne sana'arsu, ga dogon zama a teku. A shekarun 1970 ta yi tashe a Amurka har ta gundiri mutane, sannan intanet ta sake farfaɗo da ita. Ina yawan tunanin waɗancan ma'aikatan jirgin. Su da ɗakin gaba ɗaya yake lilo, ko yaya suka yi da nasu layukan?

[Saurin hotuna: fitila, baƙin ƙyalle, ƙunshin igiya a jikin sanda]

Sauran da gudu. Haske ya zo ta gefe, shi ke fito da inuwar kowane ƙulli. Farar igiya a gaban farin bango wahalar ido ce, ku rataya ƙyalle mai duhu a baya. Ƙunshin igiya ku zura shi a sanda ya riƙa juyawa, kada ya yi ta birgima a ƙasa yana kwasar ƙura. Wajen yanka, abin da aka saba shi ne ninki huɗu na tsawon aikin, in kuma za a ninka igiyar biyu a jikin sanda, ninki takwas ke nan. Mai kauri ta fi cin tsawo, ku ƙara mata. Ƙananan abubuwa irin abin hannu ko maƙalin makulli ba sa buƙatar rataya, ku manne kansu da salatef a tebur ko ku matse a jikin allo, ka'idar dai ɗaya ce, kada kan ya motsa.

Igiyoyin da suka yi tsawo har suna jan ƙasa, ku naɗe kowacce a yatsu ku ɗaure, ku riƙa saki kaɗan-kaɗan. In akwai ƙananan yara ko kyanwa a gidan, wannan ba zancen tsafta kaɗai ba ne, doguwar igiya a rataye haɗari ce gare su, ku tattare ta sama duk lokacin da za ku tashi. Auduga kuma tana kama wuta da sauri, musamman burbushin da ke tashi wajen tsefe geza, don haka kusurwar ta yi nesa da murhu da kyandir.

[Aikin farko da sabon aiki, gefe da gefe]

Ga na ƙusa ɗaya a hagu, ga na ƙugiya biyu a dama. Igiyar daga ƙunshi ɗaya na yanke su, hannun ma wannan ne dai da kuke gani. Ke kuma mai kaya a ƙarƙashin gado, in kin ciro, ki kwance har zuwa layin da ya fara kwanciya, ki auna sandar, ki ɗaura layi uku kawai ki turo mana hoto.