Abin da ke Ƙarƙashin Python da PHP: Yadda Bafa ke Tumbatsa a Ƙofar Intanet

Assalamu alaikum, masu kallo. Bayanin yau na 'yan'uwa ne masu rubuta manhaja a nan Kumasi, ko kuna karatu a jami'ar KNUST, ko kuna koyo da kanku a Aboabo da Asawase, ko kuma kun riga kun fara haɗa wa 'yan kasuwa shafukan da ke karɓar kuɗi ta MoMo. Da yawa daga cikinku an koya muku cewa wanda ke rubutu da Python ko PHP ko JavaScript ba ruwansa da tumbatsar bafa, wato zuba bayanai fiye da girman wurin da aka keɓe musu, domin harshen da kansa yake lura da iyakar kowane wurin ajiya. Maganar gaskiya ce a kan layukan da kuka rubuta da hannunku, amma ba ta kai ga injin da ke gudanar da su ba. Injin Python da yawancin mutane ke amfani da shi, wato CPython, da harshen C aka rubuta shi. Haka na PHP, haka na Ruby, shi kuwa Node.js haɗin C ne da C++. Duk saƙon da ya shigo daga intanet sai ya ratsa wannan ɓangare na ƙasa kafin ya iso ga abin da kuka rubuta.

Bafa wuri ne da manhaja ke keɓewa a ƙwaƙwalwar kwamfuta domin ajiye bayanai na ɗan lokaci, kuma yana da girma ƙayyadadde, misali bayit 512 (bayit shi ne ma'aunin girman bayanai). Harshen C ba ya tambayar ko abin da ake zubawa ya fi wurin girma. Umarni yake bi, ya ci gaba da rubutu a kan duk abin da ke maƙwabtaka da wurin. Ku ɗauki jerin shaguna a kasuwar Kejetia, inda mai sauke kaya ya zo da buhu goma alhali shagon biyar kawai yake ɗauka, kuma ba wanda ya tsaya a ƙofa yana ƙirgawa: sauran biyar ɗin a shagon maƙwabci za su sauka, su danne kayansa. A cikin kwamfuta, kayan maƙwabcin na iya zama adireshin da ke gaya wa manhaja inda za ta koma idan ta gama aikin da take ciki. Wanda ya samu ikon sauya wannan adireshi ya samu ikon karkatar da manhajar zuwa umarnin da shi ya aiko. Idan bai kai ga haka ba, aƙalla zai sa ta faɗi.

Abin da ya sa ɓangaren sadarwa ya fi kowane ɓangare hatsari shi ne, a can baƙo ne ke zaɓar tsawon saƙo da abin da ke cikinsa. Ba ya buƙatar kalmar sirri, ba ya buƙatar taɓa na'urarku. Ya isa a ce manhajarku tana sauraro, ko tana tambayar wata sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatu ta intanet, wani abu tana jiran amsa.

Matsalar ta daɗe. A watan Nuwamba na 1988, tsutsar kwamfuta (manhaja mai yaɗa kanta) da Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki ta shiga kwamfutoci ta hanyoyi da dama, ɗaya daga ciki ita ce manhajar fingerd, wadda ke karanta saƙon da ya shigo da umarnin gets zuwa cikin bafa mai bayit 512. Shi gets ba shi da hanyar sanin girman wurin da aka ba shi, amma sai a 2011 aka cire shi daga ƙa'idar harshen C.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu ya fito ne daga Python a farkon 2014, kuma lambarsa a jerin raunukan tsaro ita ce CVE-2014-1912. A ɓangaren soket, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar saƙo ta cikinta, akwai umarnin recvfrom_into, wanda mai rubutu ke miƙa wa bafa tare da adadin bayit ɗin da yake so a karanto daga layin sadarwa. A fuskar Python komai daidai yake. Amma a ƙasa, lambobin C da ke aiwatar da umarnin ba su kwatanta adadin da girman bafar ba. Kai tsaye suke miƙa shi ga tsarin kwamfutar. Idan manhaja ta ba da bafa ƙarama tare da adadi babba, duk wanda ke ɗaya ƙarshen layin zai iya aiko da saƙo mai tsawo ya rubuta a bayan iyaka. Abin lura a nan shi ne, ɗan'uwansa recv_into yana da wannan bincike, shi ne kawai aka tsallake, kuma gyaran bai wuce 'yan layuka ba. Ya kamata a yi adalci: ba kowace manhaja ce ta shiga hatsari ba, sai wadda ta ba da adadin da ya wuce bafarta. Sai dai alkawarin da harshen ya yi shi ne, irin wannan kuskure zai haifar da saƙon gargaɗi, ba ɓarnar ƙwaƙwalwa ba, kuma a nan alkawarin ya karye. An gyara a Python 2.7.7 da 3.3.4.

Akwai kuma wani hawa a ƙarƙashin injin, wato laburaren glibc, tarin shiryayyun umarni da manhajoji ke kira, wanda yawancin na'urorin Linux ke dogara da shi. Idan manhajarku ta nemi a juya sunan shafi zuwa lambar adireshi, galibi wannan laburare ne ke aikin. A watan Janairu na 2015 kamfanin Qualys ya bayyana raunin da aka yi wa laƙabi da GHOST, a cikin umarnin gethostbyname. Abin da ke zuba a bayan iyakar bai wuce bayit 4 ko 8 ba, kuma lambobi da ɗigo kawai zai iya ƙunsa, amma masu binciken sun nuna cewa ya ishe su kama sabar wasiƙu ta Exim daga nesa. Kuskuren ya shiga tun 2000. An ma gyara shi a 2013, sai dai ba a ɗauki gyaran a matsayin na tsaro ba, saboda haka nau'o'in Linux da dama da ake riƙewa shekaru a kan sabar ba su ɗauko shi ba. A ganina wannan ne ɓangaren labarin da ya fi cancantar tunani, domin ilimin gyaran yana nan, saƙon ne bai kai ga masu buƙatarsa ba.

Bayan shekara guda, a Fabrairun 2016, injiniyoyin Google da na Red Hat suka bayyana wani raunin na glibc a getaddrinfo, wanda shi ne umarnin da ake ba da shawarar amfani da shi a madadin tsohon. An keɓe bayit 2048 domin amsar da sabar sunaye, mai juya sunan shafi zuwa adireshi, za ta dawo da ita, kuma amsoshin da aka ƙera da gangan suka fi haka na iya wuce iyaka. Manhajar Python ko PHP da ba ta yi komai ba sai neman adireshin wani shafi tana iya ratsa wannan hanya. Raunin Heartbleed na 2014 a OpenSSL, laburaren da ke ɓoye sirrin saƙonni a intanet, kishiyar wannan ne, karatu ne a bayan iyaka ba rubutu ba: baƙo ya faɗi tsawon ƙarya, sabar ta yarda, ta mayar masa da abin da ya kai kilobayit 64 na ƙwaƙwalwarta a kowace tambaya. Ko a 2023, curl, manhajar aikawa da ɗauko bayanai ta intanet wadda PHP ke amfani da laburarenta, ya gyara tumbatsar da ke faruwa idan sunan shafi ya wuce bayit 255 yayin bi ta sabar tsakani ta SOCKS5.

Kariyar da aka ƙara cikin shekarun nan ta rage kaifin abin. Ana sa alama kusa da adireshin komawa domin a gane idan an taɓa shi, ana sauya wuraren ajiya a kowace kunnawa domin kada mai kutse ya san inda zai nufa, ana kuma hana aiwatar da umarni daga wurin da aka keɓe wa bayanai. Waɗannan suna wahalar da mai kutse, amma ba sa goge kuskuren, kuma gwajin Qualys a kan Exim ya tsallake irinsu. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na raunin da take gyarawa kowace shekara daga sarrafa ƙwaƙwalwa yake, masu kula da Chromium, tushen burauzar Chrome, kuma suka ba da adadi makamancin haka a 2020. Shi ya sa ake mayar da wasu sassan sadarwa zuwa harsuna irin Rust, ake kuma gwada laburare da tarin saƙonnin shirme domin a ga wanda zai kayar da su, kamar yadda shirin OSS-Fuzz na Google ke yi tun 2016.

Wanda ke rubuta shafin makaranta a Sabon Zango ko na kantin magani a Adum ba zai gyara glibc ba, kuma ba a nemi ya yi ba. Aikinsa shi ne ya san abin da manhajarsa ke tsaye a kai. Python 2 ya daina samun gyaran tsaro tun 2020, saboda haka duk sabar da ke kansa har yanzu tana ɗauke da duk raunin da aka gano daga baya. Idan kuna hayar wurin ajiye shafi mai rahusa, ku tambayi mai wurin nau'in PHP da yake gudanarwa. Tambayar ba ta cin ko sidi ɗaya. Masu amfani da Docker, manhajar da ke killace kowane aiki a cikin kwantenarsa, su tuna cewa kowane kwantena na ɗauke da nasa laburaren, don haka sabunta babbar na'urar ba ya taɓa shi sai an sake gina shi. Bayan sabunta glibc ko OpenSSL kuma, dole a sake kunna manhajojin da ke aiki, domin tsohon laburaren yana nan a ƙwaƙwalwarsu har sai sun tsaya. Wanda kuwa ya rubuta ƙarin C domin hanzarta Python ɗinsa, ko ya kira laburaren C kai tsaye daga Python ta ctypes, ya fita daga kariyar harshen, kuma ya kamata ya gwada aikinsa da AddressSanitizer, mai gano karatu ko rubutu a bayan iyaka, ya kwatanta kowane tsawo da ya zo daga waje da girman bafarsa kafin ya kwafi bayit ɗaya.

Akwai ɓangaren doka ma. A Ghana, Dokar Kare Bayanai ta 2012 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, Dokar Tsaron Intanet ta 2020 kuma ita ta kafa hukumar da ake kai wa rahoton kutse. Duk wanda yake son gwada irin waɗannan raunuka domin koyo, ya girka tsohon nau'in manhajar a kwamfutarsa, a cikin na'urar gwaji da ba ta haɗe da intanet, domin gwadawa a kan sabar wani ba da izininsa ba laifi ne a dokar ƙasa.