Muryar yaro ta fashe: daga ina za a ɗora masa waƙa?

[Hoto: ƴan makaranta a jere suna rera ƙasida]

Ku saurari layin baya, yaro na uku daga dama. Ga ta nan. Muryar ta hau, ta tsinke, ta faɗo. Irin waɗannan bidiyoyi ne ke yawo a WhatsApp duk lokacin Mauludi da bikin ƙarshen shekara a makarantun Damagaram, kuma shawarar da ke biyo baya ba ta wuce uku: a ba shi zuma da citta, a cire shi daga rukuni sai ya girma, ko a ce dama can ba shi da kunnen waƙa. Zuma da citta ba laifi, maƙoshi yana jin daɗinsu da hunturu, amma abin da aka haɗiye ciki yake wucewa, ba ya taɓa wurin da murya ke fita. Sauran biyun kuwa su ke sa yaro ya rufe bakinsa, wani ma ba ya sake buɗewa.

[Zanen maƙogwaro]

Bari mu wuce nan da sauri. Cikin maƙogwaro akwai tantani biyu da iska ke kaɗawa in ta fito daga huhu. Da balaga ta zo, galibi tsakanin shekara 12 zuwa 15, sinadarin testosteron yana sa maƙogwaron namiji ya girma, zakaran wuya ya fito, tantanin nan su ƙara tsawo da kauri. A babban namiji suna kai milimita 17 zuwa 25. Duk mai gurmi ya sani, tsirkiya in ta yi tsawo da kauri sautinta ƙasa yake yi. Muryar yaro tana sauka kusan oktaf guda, wato daga do zuwa do ta ƙasa. Tsinkewar da kuka ji, naman wurin ne bai saba da sabon girmansa ba tukuna.

A Ingila an daɗe ana sallamar yaro daga rukunin mawaƙa da zarar muryarsa ta fara canzawa. A Amurka, malamin waƙa Irvin Cooper ya ce a bar su su ci gaba, a gyara waƙar ta dace da muryar. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1970, John Cooksey da abokan aikinsa suka bi wasu yara a Kalifoniya shekara uku suna auna muryoyinsu. Ya raba tafiyar zuwa mataki shida, kuma ya ga yara suna bin su a jere, sai dai kowa da lokacinsa. Shi ya sa a aji ɗaya na kolej za ka tarar da mai muryar yarinta zaune kusa da mai muryar babansa.

To, ga matakin da ake tsallakewa, kuma saboda shi muka yi wannan bidiyo. Kafin ka ce yaro ya rera komai, nemo inda muryarsa take zaune yau.

[Malami da yaro ɗaya, waya a kan tebur]

Ka ware shi, ko ka haɗa su uku uku, ban da gaban ƴan mata, don kunya kaɗai ta isa ta shaƙe masa murya. Ce masa ya ƙirga daga ashirin ya dawo ɗaya, da muryar hira. Ana sa shi komawa baya ne don hankalinsa ya tafi kan lissafi, ya manta ana sauraronsa. Hausa tana hawa tana sauka, saboda haka kada ka kama sautin lamba guda. Saurari inda muryar ke yawan komawa ta zauna. Da ya iso ɗaya, ya ja ƙarshenta: aaa. Ka nemo wannan sauti a fiyano. In babu fiyano, manhajar saita jita ta kyauta a waya za ta nuna maka sunansa. A kula, do ta tsakiya, wato wadda ke tsakiyar fiyano, wasu manhajoji suna rubuta ta C4, na Faransanci kuma do3. Sauti ɗaya ne.

Ga yadda ake karanta shi. In maganarsa tana wajen do ta tsakiya, canji bai fara ba ko yanzu ya soma. In ta sauko wajen la ko sol, yana tsakiyar tafiya. Wajen fa, ya shiga lokacin da ya fi wuya, nan ne tsinkewa ta fi yawa. In ta kai re ko do ta ƙasa, sabuwar murya ta iso, amma ɗanya ce, ba ta da ƙarfin ta manya.

Daga wannan sauti za ka fara, kada ka fara daga naka. Kai ne za ka je inda yake, ka rera tare da shi, har ya ji muryoyinku sun haɗu. Ku dubi fuskarsa a nan, ya ji ta da kansa. Sai ku sauka a hankali. Ba za ku yi nisa ba, sautin ƙarshe da yake iya rerawa yakan tsaya kamar rabin mataki uku ƙasa da muryar maganarsa (rabin mataki shi ne daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi). Sai ku hau, mataki mataki, da "a" ko "o", ba da ƙarfi ba. Idonka a kan wuyansa. Haɓa ta ɗaga, jijiyar wuya ta fito, gira ta haɗe, to nan ne iyaka, ko da sautin yana fita. Rubuta uku a littafi: na magana, na ƙasa, na sama, da kwanan wata.

Abin da za ka gani zai iya ba ka mamaki. A lokacin da ya fi wuya, inda yaro ke rerawa cikin sauƙi sau da yawa bai wuce sauti biyar ko shida ba. Yanzu ka tuna yadda ake ɗora waƙa a filin makaranta. Malama ta ɗaga murya inda ya yi mata daɗi, ƴan mata da ƙanana suka bi. Yaron nan in ya bi su sama ba zai kai ba, in ya nemi oktaf ta ƙasa ba shi da ita tukuna. Sai ya tsaya kan sauti guda yana gunji. Wannan gunjin ne ake fassarawa da rashin kunne, kuma a ganina babu zaluncin da ya kai shi a ajin waƙa, don kunnen yaron lafiyarsa lau, waƙar ce aka ɗora inda ba shi da murya.

Akwai wani abu kuma da ke rikita mushe, wato malamin boko, da malam. Yaron da sabuwar muryarsa ta iso yakan sami rami tsakanin do ta tsakiya da fa ta samanta. Ya buɗe baki, iska kawai. A ƙasa akwai murya, can sama akwai siririya, tsakiya babu. Kada a ce ya dage. A fara daga siririyar nan da "u", a hankali, ya zame zuwa ƙasa, sau huɗu ko biyar a kowane zama. Ramin yana cikewa da lokaci.

Sauran aikin mai sauƙi ne. Ka sauke waƙar ko ka ɗaga ta har ta faɗa cikin sautukan da ka rubuta. In ta faye faɗi, ka ba su amshi, yawancin amshi gajere ne, yana yawo kan sautuka kaɗan. Ka tsayar da masu matakin canjin murya ɗaya wuri ɗaya don su ji juna. In akwai mandiri ko lasifika, a rage, kada yaro ya yi gasa da su. Bayan mako shida zuwa takwas ka sake gwajin, domin wanda ka auna a Oktoba ba lalle ka same shi a wurin ba a Janairu.

[Layin ƴan mata]

Su ma tasu tana canzawa, amma kaɗan, kamar rabin mataki uku ko huɗu. Alamarta iska ce a cikin murya, don tantanin ba sa rufuwa sarai ta baya. Kada a matsa musu su ƙara ƙarfi, kuma kada a ajiye yarinya a murya ta ƙasa shekara da shekaru don kawai ta iya riƙe ta. A riƙa musanya.

Iyaye, naku ɓangaren ruwa ne da barci. Da ƙurar hunturu da zafin bazara na garin nan, yaro ya je gwaji da gorar ruwansa, ya rage ihu a filin ƙwallo ranar da zai rera. Tsinkewa da kanta ba ciwo ba ce. Amma dishewar da ta wuce mako uku, ko zafi in yana magana, ko wahalar numfashi, wannan ya bar hannun malamin waƙa. A kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.