Taya Ɗaya Na Juyawa, Mota Na Tsaye: Hira Kan Makullin Difaranshal

Mai gabatarwa: Jama'a assalamu alaikum, daga Daura muke magana. Yau ina tare da Oga, wanda aikinsa giya da aksil, da kuma Baba, direban da ya daɗe yana ɗaukar hatsi tsakanin Mai'aduwa, Zango da Ɓaure. Baba, sannu da zuwa.

Baba: Yauwa ɗana. Ni tambayata ɗaya ce, Oga ya amsa mini. Tsohuwar Hilux mai ogzilare, an ce duk tayoyi huɗu suna ja. To me ya sa in ka shiga rairayin rafi da buhu ashirin, sai ka ga taya ɗaya tana watsa yashi, 'yar'uwarta ko motsi ba ta yi?

Oga: Baba, ai aikin difaranshal ke nan. Ka tuna shanun huɗa in sun kai ƙarshen kunya za su juyo: na waje sai ya yi taku da yawa, na ciki kusan a tsaye yake. Haka tayoyin baya suke a kwana, kuma ƙananan giyoyin da ke cikin aksil su ke ba kowace damar yin nata gudun. Matsalar ita ce ƙarfin da yake ba su daidai wa daida ne. In ɗaya ta hau yashi mai laushi ko ta ɗaga sama, ƙarfi kaɗan ya ishe ta juyawa, to kaɗan ɗin nan ita ma mai riƙe da ƙasa za ta samu. Ogzilare kuwa gaba da baya kawai yake haɗawa. Sai ka tarar ɗaya a gaba, ɗaya a baya, suna ta aikin banza.

Mai gabatarwa: To shi makullin difaranshal fa, me yake yi?

Oga: Yana ɗaure shaf ɗin hagu da na dama, wato sandunan ƙarfen da ke kai juyi ga tayoyin, su juya tare, ko suna so ko ba sa so.

Baba: To ai yi wa ƙananan giyoyin walda ma yana yin wannan. Na ga yara suna yi, ba tsada.

Oga: Baba, don Allah kada ka bari a yi wa motarka. Wanda ya yi walda ya kulle har abada. A yashi zai ji daɗi, amma da ya hau kwaltar Daura zuwa Katsina da lodi, kowace kwana tayar ciki sai ta goge ƙasa, shaf yana murɗuwa. Taya ta cinye, wata rana shaf ya karye. In an yi ruwa kuma bayan motar yana iya zamewa gefe, ga fasinjoji a saman kaya. Wannan abin yana damuna sosai, domin rayukan mutane ne.

Mai gabatarwa: To wanne mutum zai saya?

Oga: Akwai mai kulle kansa, irin su Detroit Locker na Amurka, da ƙaramin nan Lock-Right da ake cire ƙananan giyoyin kawai a sa shi a gurbinsu. Shi ya fi araha da sauƙin ɗaurawa. In ka taka totur ya kama, a kwana ya saki tayar waje yana ƙas-ƙas-ƙas. Sai dai yana son tayoyin baya girmansu ɗaya, iskarsu ɗaya. Sannan akwai wanda direba ke kunnawa da kansa: ARB na Ostareliya da iska yake aiki, sai an sa masa kwamfuresa, ELocker na kamfanin Eaton kuma da wutar batir. Ni ga mai bin kwalta da lodi, wanda direba ke kunnawa ɗin nan nake zaɓa masa. A kan titi motarka tana nan yadda Toyota ta ƙera ta, sai ka iso bakin rafi ka danna.

Baba: Iska da waya a ƙarƙashin mota, a hanyar da ƙaya da kututture suka cika? Ni hankalina bai kwanta ba.

Oga: Gaskiyarka, Baba. Shi ya sa ake bin saman aksil da tiyon, a ɗaure shi nesa da salansa, a bar masa sarari saboda motsin sifirin. In ya tsinke ma, makullin buɗewa yake, ka dawo gida lafiya.

Mai gabatarwa: Oga, kafin a biya kuɗi me za a duba?

Oga: Da farko a ɗaga bayan motar da jak, a sa giya a furi, a juya taya ɗaya da hannu. In ɗayar ta juya baya, buɗaɗɗe ne. In ta bi ta, akwai wani abu a ciki, ko LSD, wato difaranshal mai rage zamewar taya ɗaya, ko walda. Sannan a zare shaf a ƙirga haƙoran bakinsa. Yawancin tsofaffin Hilux aksil mai inci 8 ne da haƙora 30, amma motocinmu sun sha canje-canje, kada ka yarda da takarda, ka ƙirga. In za ka canza kirawun da finiyo, wato babbar giyar difaranshal da ƙaramar da ke juya ta, lissafin haƙoransu na aksil ɗin gaba da na baya dole ya zo ɗaya. 4.56 a baya, 4.56 a gaba. In ka haɗa da 4.88, ranar da ka sa ogzilare za ka ji motar tana faɗa da kanta.

Baba: Ɗaurawar fa? Ko yaron gareji zai iya?

Oga: A nan ake asarar kuɗi. Sa'ar Hilux ita ce kan difaranshal ɗin yana fitowa gaba ɗaya, ka ɗora shi a tebur. Amma bayan ka mayar da kirawun a kan sabon makulli, sai ka auna wasan da ke tsakaninsa da finiyo da agogon awo. Toyota ta ce milimita 0.13 zuwa 0.18. Hannu ba ya jin wannan, Baba, komai daɗewar mutum a sana'a. Sai a shafa fenti a haƙora a juya, a ga inda suke haɗuwa. Tsakiya ake so. A sa sabon boris da sabon sil, a zuba man giya GL-5. Wanda ya tsallake awon nan, motar za ta fara kuka a gudu, haƙora su cinye.

Mai gabatarwa: Gaba ko baya za a fara?

Oga: Baya. Nan nauyin yake. Na gaba yana sa sitiyari ya yi tauri, kuma yana karya gwiwar shaf in an matsa masa a kwana. Kuma a kunna kafin a shiga, mota na tsaye ko tana tafiya a hankali. Kada taya tana wulwulawa ka danna.

Baba: Ni kuma in ƙara da abin da na sani. A yashi ka rage iskar taya tukuna, ka shiga da giya ta biyu a ƙaramin ogzilare, kada ka ɗaga ƙafa a tsakiya. In ka tsaya kana zuba wuta, tayoyi biyun tare za su haƙa maka rami har aksil ya zauna.

Oga: Haka ne. Kuma mai kwamfuresa ya huta, da ya fita sai ya mayar da iskarsa kafin ya hau kwalta.

Mai gabatarwa: Mun gode Baba, mun gode Oga. Jama'a, sai mun haɗu a shiri na gaba.