Abin da likitan fata ke dubawa kafin ya rubuta magani

Jama'a, assalamu alaikum. Yaro ya je aski, bayan sati biyu sai ga tabo zagaye a kansa, gashin wurin ya kakkarye, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa toka. Makero ke nan. Yawancinmu kemis muke nufa, a ba mu man shafawa mai haɗi uku. A shafa kwana kaɗan, ƙaiƙayi ya lafa, a ce an dace. Kafin wata ya zagayo, tabon ya ƙara faɗi.

Ga dalili. Ƙwayar cutar makero cikin silin gashi take shiga, inda mai ba ya kaiwa. Maganinta na sha ne, irin su griseofulvin, sati 6 zuwa 8 ba fashi. Shi kuwa man nan mai haɗi uku, akwai sinadarin siteroid a cikinsa, wanda ke kwantar da kumburi amma ya raunana garkuwar fata, cutar ta samu filin yaɗuwa, har ta sauya kama. Shi ya sa likitan fata ba ya gaggawar ɗaukar biro. Zai sa a tsaya a haske, ya duba kai, farce da tsakanin yatsu, ya kankare ɗan ɓawon fatar a duba da madubin likita. Zai kuma tambaya: me aka shafa? Wa kuma ke sosa a gidan?

Wannan ido ba a rana ɗaya ake samunsa ba. A Najeriya sai mutum ya yi shekara 6 yana karatun likitanci, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, sannan ya ƙara wasu shekaru yana neman ƙwarewa a asibitin koyarwa, kamar na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Tambayar nan ta "wa kuma ke sosa" saboda ƙazuwa ce. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne da ido ba ya iya gani sosai ke kawo ta, yana haƙa rami a fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayinsa da dare yake tashi, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da matsematsi. Duk inda ake kwana a cunkushe, ko gida ne ko tsangaya ko makarantar kwana, yana saurin bin mutane, kuma ba alamar ƙazanta ba ce, don Allah a daina kunyata yara a kai. Ana shafa wani man magani mai suna permethrin daga wuya har tafin ƙafa, ya kwana a jiki, a wanke da safe, a maimaita bayan sati guda. Kowa a gidan rana ɗaya zai shafa, har wanda bai fara sosa ba, a wanke kaya da zannuwan gado da ruwan zafi. Ƙaiƙayin kan ɗauki sati 2 zuwa 4 bayan ƙwaron ya mutu, kada a ce magani bai yi ba.

Kyasbi kuwa zafi da gumi ke tayar da shi. Yana jin magani, sai dai launin fata kan ɗauki watanni kafin ya koma daidai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne man bilicin. A 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ayyana shi a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa. Yakan sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito jajir, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, rauni ya ƙi warkewa. 'Yar'uwa, in kin daɗe kina shafawa, kada ki yanke shi rana ɗaya, fatar za ta yi bore. Likita zai tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Sai tabo guda da ba a jira da shi: wanda ya fi sauran jiki haske, ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi ba a ji. Yana iya zama farkon kuturta. Tana warkewa da magani na wata 6 ko 12, kyauta ake bayarwa, kuma in an fara da wuri ba ta taɓa yatsu.

Ranar zuwa asibiti, kada a shafa komai a wurin. A zuba duk mayukan da aka yi amfani da su a leda, har da na gargajiya da sabulun da aka haɗa, a tafi da su likita ya karanta abin da ke ciki.