Sana'ar Faifai da Tabarma: Daga Yankan Kaba Zuwa Sa Farashi

Kaba ita ce ganyen goruba tun tana ƙasa, ba ta yi itace ba. A jihar Maraɗi ta Nijar har kwari guda ake kira Gulbin Kaba, wajen Mayahi, inda mata da yawa ke rufa wa kansu asiri da yankanta da saƙarta. Da ita ake faifai da tabarma da igiya da malafa.

Ganyen tsakiya da bai buɗe ba shi ne mai laushi, shi masu saƙa ke nema. Amma idan wuƙa ta nutsa ta taɓa zuciyar tushen, wannan tohon ya mutu. A yanka daga sama, kuma a kowane kurmi a bar toho ɗaya ko biyu su tashi su zama goruba. In ba haka ba, baɗi sai an yi tafiya mai nisa, ko a saya da tsada.

A shanya ta bushe sarai kafin a ɗaure dami. Kabar da aka adana da danshi fumfuna take yi, kuma baƙin tabon ba ya fita. A ɗora damin kan katako ko duwatsu saboda gara. Ranar aiki a tsaga ta faɗi ɗaya, a jiƙa ta, don busasshiya karyewa take a lanƙwasa.

Wajen rini, karan dafi na ba da ja, gangamau rawaya, amma yawanci yanzu galura ake dafawa. A ɗauraye har ruwan ya fito fes, a shanya a inuwa. Faifan da ya zuba a ƙwaryar furar mutane, mai shi ba za ta dawo ba.

Sai kuɗi, inda sana'ar gida ta fi mutuwa. A ce kaba da galura sun ci naira 2,000, an saƙa faifai 4, dillaliya ta sayar kowanne 1,000. Kuɗi 4,000 sun shigo, sai a ga kamar an ci ribar 2,000. To ina la'adar dillaliya? Ina kuɗin mota? Ina ladan kwanakin da uwa da 'ya'yanta suka yi suna ɗinki da basilla? Sai an cire waɗannan ake maganar riba. Kuɗin sayen kaba kuwa a ware su tun ranar ciniki, kada su haɗu da na cefane. Zubin adashe ma daga riba zai fito.

Gasa da tabarmar roba a farashi ɓata lokaci ne, inji ya fi hannu sauri. Inda hannu ke cin kasuwa shi ne jeren amarya: faifai mai zane, girma ɗaya, launin da uwar amarya ta zaɓa. A sayi kaba lokacin da take araha, a saƙa kafin bukukuwan bayan kaka. Hoto mai haske a WhatsApp kan kawo mai saye kai tsaye, ya kuma rage aika yarinya talla lokacin makaranta.

Aikin da aka ba da saƙonsa, musamman mai suna a jiki, kada a taɓa shi sai an karɓi kafin alƙalamin da zai sayi kayan aiki. Idan mai shi ta fasa, ba wanda zai sayi faifai mai sunan wata.